Juyi Ashirin

Har yau idan aka buɗe kwalbar sha'ir a kicin ɗin nan, ta yi 'yar ƙarar nan tata kamar mai cewa a yi shiru, wata Alhamis ta watan Sha'aban ce ke dawo mini. Ban taɓa iya mantawa da ita ba. Ku da kuka fara aiki da mu bana kun sha tambayata me ya sa nake ƙirga juyi a bayyane kamar 'yar firamare. Na gwammace in rubuta muku, don da baki ba zan iya kai ƙarshen labarin ba.

A lokacin, kicin ɗin yana nan inda kuka san shi, a hawan ƙasa na gidan Abla Fa'iza a Bani Malik, sai dai furun, wato tanda, ɗaya ne kawai muke gashi da shi. Abla haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo daga Kano, shi ya sa Hausarta rabi Larabci ce. Ita ke karɓar oda ta waya, ita ke ɗanɗana komai kafin ya fita. A ƙarƙashinta akwai mu'allima, wato mai teburin haɗi. Sai masu naɗi su biyu, waɗanda ke zuwa bayan azahar su sa burodi a takarda da kwali. Sai direba, Baba Isa, mutumin Chadi. A can ƙasa kuma sabuwar zuwa, mai tankaɗe da wanke gwangwanaye. Wannan ni ce.

Mu'allimarmu ita ce Inna Hadiza, 'yar Maraɗi, wadda ta fi shekara ashirin a Jidda. Ita ta kawo wa gidan burodin da aka san mu da shi. Ba a sa masa yis. Fulawa ce da bekin hoda da gishiri da ɗan sukari, sai za'atar, wani garin ganyen ƙanshi, da cuku da soyayyiyar albasa, a kwaɓa da ruwan sha'ir na kwalba, wanda mutanen nan ke ce wa bira, marar sa maye, irin na kowace baƙala, wato kantin unguwa. Ranar da na fara ganin akwatunan kwalaben a bayan ƙofa na tsaya ina salati a raina, Inna ta yi ta dariya har tana riƙe ciki, ta ce in kwantar da hankalina, limamin unguwa ma yana sayen burodin.

Doka biyu ce a teburin nan. Ta farko ta Abla: ba mai taɓa haɗi sai mu'allima, kuma mu'allima ba ta barin kicin ranar oda. Ta biyu ta Inna ce: da an zuba kwalba a gari, juyi ashirin ne da ludayin katako, a bar ƙullun da gudajinsa, a zuba a gwangwani, a kwarara narkakken man shanu a kai, sai wuta.

Wannan doka ta biyu ba ta kwanta mini ba. Na zo da takardar shaidar koyon gashe-gashe daga Kaduna, kuma a can an koya mini cewa burodi bugu yake so, a murza shi har ya yi santsi kamar kuncin jariri, a rufe shi ya huta. Ina kallon ƙullun Inna mai gudaji ina jin tausayinsa. Akwai wani ɗan littafi da nake ɓoyewa a aljihun rigar aiki, inda nake rubuta baitoci, har na taɓa rubuta cewa ƙullun nan maraya ne da ba a taɓa shafa kansa ba. A watan gwaji nake. Abla ta ce idan na yi, za ta nemi a mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ƙarƙashinta, idan kuwa ban yi ba, halas, shi ke nan. Ina so ƙwarai a san cewa na iya wani abu ban da tankaɗe.

A wannan Alhamis muna da odar burodi talatin na wasu tsofaffin masu sayenmu, za su yi sha'abana, wato taron dangi da ake yi kafin azumi ya kama. Abla ta fita tun safe, ba za ta dawo ba sai wajen la'asar. Da misalin ƙarfe tara Inna ta auna garin duka a roba uku, ta jera kwalabe, ta kira ni. Ta ce akwai wata marar lafiya da za ta dubo a Sa'alaba, Baba Isa zai kai ta, ba za ta daɗe ba. Idan sha ɗaya ta yi ba ta dawo ba, in haɗa.

"Juyi ashirin, ɗiyata. Kin jiya? Ashirin. Ko ya yi miki muni ki bar shi."

Na ce na ji.

Sha ɗaya ta yi, kicin ya zama nawa ni kaɗai. Na buɗe kwalabe, kumfa ta taso a cikin gari, ƙanshin sha'ir da za'atar ya cika ɗakin. Na yi juyi ashirin ɗin, na tsaya ina kallo. Sai na ga ai ƙarin biyar ba zai yi komai ba. Daga nan na ƙara fulawa don ya kamu a hannu, na juye shi a tebur, na naɗe hannun riga. Na buga shi yadda aka koya mini, roba uku duka, har ya yi sumul yana sheƙi. Na rufe da tsumma mai tsabta na ba shi awa guda ya huta. Ina tuna cewa har waƙa nake yi. A raina ina ganin Abla ta yanka ta ɗago kai tana tambayar hannun wa ne wannan.

Inna ta dawo ana kiran azahar, ta ja mayafi har ya rufe mata rabin fuska, tana tafe tana dafa bango. Na ɗauka zafin rana ne. Ta wanke hannu, ta isa wurin gwangwanayen da na jera, ta danna yatsa a ɗaya. Ta daɗe yatsan nata yana wurin. Ta tambaye ni ko akwai sauran kwalabe, na ce saura biyu. Ta tambayi cuku, na ce ya ƙare. Ta buɗe furun ta shiga jerawa da kanta.

Tun daga ƙanshin na san akwai matsala. Burodin Inna yakan tashi ya tsattsage a sama kamar busasshen tafki. Nawa ya fito a kwance, sumul, da nauyi kamar bulo.

Abla ta iso, ta ajiye jaka, ta ɗauki wuƙa kamar kullum. Wuƙar ta shiga da ƙyar. Ta tauna, ta sake taunawa, ta tofar a takarda. Masu naɗi suka tsaya cak da kwalaye a hannu. Ta yanka na biyu da na uku, duk ɗaya. Ta juya ta tambaya wa ya haɗa.

"Ni ce," in ji Inna.

Ina tsaye bakin famfo da soso a hannuna. Tsakanina da Abla bai fi taku huɗu ba. Na buɗe baki, sai na tuna iƙama, na tuna yadda zan kira gida in ce an sallame ni tun kafin wata ya cika. Na mayar da kaina kan gwangwanin da nake wankewa.

Abla ba macen faɗa ba ce, kun dai san ta. Cikin sanyin murya ta ce shekara nawa ana burodin nan bai taɓa fitowa haka ba, sai dai idan awo ne ya kuskure. Ta ce ta kwana biyu tana lura da yadda Inna ke kawo abu kusa da fuska. Ta jawo sikeli ƙarƙashin fitilar tebur, ta ɗora masa kofin gari.

Ta ce wa Inna, "Ya Khala, samihini, ki gafarce ni. Karanta mini lambar nan."

Inna ta ɗaga mayafi ta sunkuya. Hasken ya bugi idonta, ta runtse, ruwa ya fara gangaro mata. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta goge da gefen mayafi ta sake dubawa. Can ta miƙe ta ce ba ta gani.

Na ga idanunta a lokacin. Baƙin da ke tsakiyarsu ya buɗe ya yi faɗi, kamar bakin rijiya.

Sauran ranar gudu ne. Abla ta kira masu sha'abana ta ba su haƙuri, Baba Isa ya zagaya baƙaloli ya tattaro kwalabe da cuku, aka sake rabin odar, ita Abla ke awo, Inna na juyawa. Burodin ya isa a makare. Washegari Abla ta zaunar da Inna ta ce ba za ta kore ta ba har abada, amma teburin haɗi yana son ido. Ta koma naɗi. Ni kuma, da yake ina da takarda kuma ina karanta sikeli, aka ce in matso tebur in koya.

Abin da na yi da yammacin Alhamis ɗin shi ya fi ba ni kunya. Ban je wurin Abla ba, ban je wurin Inna ba. Na zauna na buɗe littafina na rubuta baiti shida a kan idanun da haƙuri ya mayar rijiya. Har na ji daɗin yadda suka fito.

Inna ce ta koya mini teburin, daga kan kujerar naɗi, bayanta na gare ni. Da kunne take bina. Da ludayi ya kai na ashirin sai in ji ta ce, "Ya isa, ɗiyata." A wurinta na fahimci abin da takardata ba ta faɗa mini ba: wannan burodi iskar kwalba da bekin hoda ne ke ɗaga shi, kuma ba sa jira. Bugu yana korar iskar, ya sa ƙullu ya yi tauri, hutun awa guda kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin yi mata maganar, muna mu biyu. Na ce, "Inna, ranar nan..." Ta katse ni, ta ce na riga na buɗe kwalba, in juya tukuna. Na juya. Ban sake ɗauko zancen ba, kuma na ji sauƙi da ta hana ni.

Bayan babbar salla ta ce ta gaji, za ta koma Maraɗi wurin jikokinta. Ta bar mini ludayinta, shi ne wannan mai tsagin da nake hana ku sa shi a ruwan zafi.

Sai da ta yi wata biyu da tafiya na iya gaya wa Abla gaskiya. Ta ce na yi abin kunya, kuma da ta sani a ranar da ta sallame ni. Sannan ta ce amma yanzu mene ne amfaninsa, ko ni na ɓata burodin, ai dai Khala ba ta ga lambar ba, teburin dama zai bar hannunta. Na rungumi wannan magana hannu biyu. Shekara biyu ina kwana da ita: na yi laifi, amma idon dama ya tafi.

Abin da na koya a sana'ar nan kaɗan ne, ga shi. Idan wadda ta riga ku ta ce ku tsaya a ashirin, ku tsaya, ku nemi dalili daga baya. Idan kuma kun ɓata abu, ku faɗa tun wuƙa tana cikin burodin, don a kicin laifin da ba shi da mai shi ba ya zama a ƙasa, wani ake ɗora wa, kuma yawanci wanda ya fi kowa kawaici.

Bara ne karatu ya fara sa mini ciwon kai, na je a duba mini ido. Likita ta ɗiga mini wani magani ta ce in jira, zai buɗe baƙin idon don ta ga ciki. Da na fito, rana ta zame mini kamar wuƙa, na ja mayafi na rufe fuska, na kasa karanta ko lambar wayata. Baba Isa ne ya zo ɗaukata. Ya dube ni ta madubi ya yi dariya, ya ce yau na zama Hajiya Hadiza sak, haka ta fito daga wannan ƙofar ranar burodin sha'abana, tana dafa mota.

Na ce ai Sa'alaba ya kai ta dubiya.

Ya ce wace dubiya, nan ya kawo ta, ita ta roƙe shi kada ya faɗa. Ya ce a hanyar komawa murna take ta yi, don likita ta ce yanar ido ce 'yar kaɗan a na hagu, na dama kuwa lafiyarsa lau, maganin ne kawai zai dushe mata gani zuwa dare. Da ya ji abin da ya faru a kicin, washegari ya same ta ya ce ta sa Abla ta sake kawo sikelin, yanzu ai za ta karanta. Ta ce masa a'a. Idan ta karanta, Abla za ta koma neman abin da ya ɓata burodin, kuma yarinyar nan saura mata kwana tara ta gama gwaji.