Ƙwan Fitilar Rewaya

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa motar kamfanin sabulu, ko madubi bai taɓa fasawa ba, shi ya sa har yau ake ce masa Ba-Karce. Da ya ajiye aiki ya sayi wata tsohuwar mota, yana kai jikoki makaranta. Ita ce ta fara tona masa asiri. Safiya huɗu cikin mako guda, ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas, shiru. Ya canja batir, sabon ma ya kwana ya mutu.

Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce mantawa yake yi ya bar fitila a kunne, kuma wanda ya manta fitila yau, gobe birki zai manta da 'ya'yanta a baya. In aka duba mota lafiyarta lau, za ta karɓi makulli.

Bai yi musu ba, don gabansa ya riga ya faɗi. Mahaifinsa ma da ƙananan mantuwa ya fara, ya ƙare yana tambayar matarsa ko ita wace ce.

Aka tura mota ta tashi, shi da 'yar suka nufi garejin rewaya, mai gyaran wayoyin mota, wani ƙato mai bakin tsiya. Ya kashe komai, ya rufe ƙofofi, ya kwance kan batir ɗaya, ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu.

"Baba, in ƙwan nan ya kama, akwai ɓarawon wuta a motarka. In bai kama ba, ɓarawon ya sa hula yana tsaye a gabana."

Ba wanda ya yi dariya. Ba-Karce ya dafa bonet. Rewaya ya haɗa wayoyin ƙwan tsakanin batir da kan da ya kwance. Ƙwai ya kama, ja kamar garwashi.

'Yar ta ce wannan ba hujja ba ce, wataƙila wani abu ya maƙala ya manta. Rewaya ya ce to a bi a hankali. Ya durƙusa yana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya: na rediyo, na fitilar ciki, na caja. Kowanne ya fita, tsohon sai ya saci kallon ƙwan. Fiyus suka ƙare, ƙwai na nan. Rewaya ya yi tsaki, ya zura hannu ƙasan inji, ya cire wayar altaneta, abin da ke yi wa batir caji. Ƙwai ya mutu.

Ya ce altanetar ce ta lalace daga ciki, da rana tana ba batir, in an kashe mota ta tsotse abinta. Ko malami ne ya kwana yana tofa mata addu'a, sai ta sha.

'Yar ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta dai miƙa masa makulli ta ce, "Baba, ja mu je."

Ya ja. Abin da bai faɗa mata ba, a hanyar zuwa garejin, a mararrabar da ya bi fiye da sau dubu, sai da ya ji bai san dama ko hagu ba, mai babur ɗin gabansa kawai ya bi. Washegari ya kai jikoki makaranta ta wata hanya, yana karanta sunan kowane shago a ransa.