Yadda ajinmu ya koma bakin kogi

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, ni ina sana'ar kabu-kabu, kuma ina cikin ajin manya masu koyon karatu da rubutu. Gidana a Tanda yake. Kullum da safe nakan shigo Gaya a kan motona, wato babur, in yi ta ɗaukar mutane, da la'asar sakaliya in tafi aji a wata lakwal, makarantar yara da ke can bayan gari, bayan yara sun tashi.

Da aka rufe gada, duk mai son ƙetarewa sai ya gangara bakin kogi ya shiga kwale-kwale, mu ma aikinmu ya koma can. Matsalar ita ce daidai lokacin ajinmu 'yan kasuwa ke dawowa daga ƙetare da kayansu, hanyar ta cushe da amalanke da kura da motoci. In ka bar wurin ka bar cefanen gida. In ka tsaya, sai ka tarar Malama tana goge allo.

Wata rana ta tsayar da ni a ƙofa. "Baba, an wuce ka da nisa. In haka za a ci gaba, sai dai ka jira rukunin baɗi." Ba da faɗa ta faɗa ba, amma na san in na bari sai baɗi, to na bari ke nan.

Ƙanin matata aikinsa fitar wa 'yan kasuwa kaya daga duwan, wato kwastan. Da manyan kamyoyi masu dakon kaya suka daina wucewa, sai ya zauna a shagonsa yana gina gari a cikin ordinata, wato kwamfuta. Wasa ne: ka shimfiɗa hanya, ka kafa unguwa da kasuwa da makaranta, sai mutane ƙanana kamar tururuwa su fito da safe su tafi aiki, da yamma su koma gida. Hanyar da ta cushe takan yi ja.

"Da gemunka kana wasan yara," na ce masa ranar da na leƙa.

"Kai da furfurarka kana A da Ba. Zauna, mijin yaya, ka ga garin nan."

Ashe Gaya ya gina. Ga kogi, ga kasuwa, ya datse gada kamar yadda aka yi mana, ya kafa tashar jiragen ruwa. Na kalli mutanen na ɗan lokaci.

"Waɗannan ba 'yan Gaya ba ne," na ce. "Ba mai tsayawa ya tambayi lafiyar gidan wani, ba mai ajiye moto don an kira salla."

"To ai ga su nan, ba gaisuwa ba komai, su ma ba sa isa."

Ya taɓa wani mai moto, sai layi ya fito yana nuna inda ya dosa: daga bakin kogi zuwa makaranta. Muka bi shi da ido. Ya shiga cunkoso, ya tsaya, ya matsa kaɗan, rana ta faɗi a cikin wasan, ya juya ya koma gida.

"Ga ka nan," in ji shi. "Har zaman moton naka ne."

Ya faɗaɗa hanyar. Da yamma ta sake zagayowa sai ga hanyar ta sake yin ja, motoci ma sun ƙaru. Haushi ya kama shi, ya ciccibi makarantar ya dangwarar da ita kusa da tashar jiragen, ya ce bari ya ga ƙarshen taurin kai. Ɗan mutumin nan ya ajiye motonsa ya taka da ƙafa ya shiga.

Tun da abin ya fara, tunanina ɗaya ne, yadda zan ƙara sauri. Na canja buji, na bi ta gonakin shinkafa har na faɗa laka. Bai taɓa zuwa raina ba cewa aji ma yana iya tashi.

Washegari na yi magana da 'yan ajinmu. Yawancinmu a bakin kogi muke wuni, 'yan kabu-kabu da 'yan dako da wata mai bandar kifi. Kuma kowa ya san bayan azahar kwale-kwale kan huta, wurin ya yi tsit har la'asar. Muka je wa Malama gaba ɗaya, muka roƙi a mayar da ajin bakin kogi bayan azahar.

"To ni fa?" ta ce. "Gidana yana bayan gari. Wa zai kai ni bakin kogi da rana tsaka?"

Mai bandar kifi ta ce, "Haba Malama, aji cike da 'yan kabu-kabu kina tambayar wa zai kai ki? Ai sai dai su yi faɗa a kanki."

Ba nan take aka yi ba. Sai da ta nemi izinin shugabanta, wani mai kwale-kwale kuma ya ba mu rumfarsa. Ni na ɗauko allon a bayan moto, iska tana neman kayar da mu. Muka raba kwanaki, kowa da ranar da zai ɗauko Malama ya mayar da ita. Wurin akwai ƙarnin kifi, wani lokaci akuya ta shigo, amma ban ƙara tarar da ana goge allo ba, kuma ban jira baɗi ba.

Har yau in na tuna nakan sa wa Malama albarka, don zafin azahar a Gaya ba abin da ake roƙon mutum ya fito a cikinsa ba ne. Ƙanin matata kuwa ya ce ladarsa ita ce in riƙa kai shi ko'ina kyauta har abada, kuma ina kai shi.

Ranar farko da ɗaukar Malama ta zo kaina, mun kusa kasuwa na hangi wani dattijo ɗan garinmu, na taka birki na fara tambayarsa ya jikin tsohuwa, ya ruwa ya yi musu. Ta taɓa kafaɗata.

"Baba, yanzu kuma ni za ka sa in makara?"

Na ce wa dattijon sai na dawo, muka gangara.