Atamfar da Ƙawata Ta Zaɓa

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe, wanda muke kira tarminal, gidanmu yana Treichville bayan babban masallaci, makarantarmu kuwa tana Adjamé. Makarantar 'yan mata ce ta Katolika, a hannun matan coci masu farin lulluɓi da muke ce wa maser. Babana mutumin Tawa ne da ya daɗe a Abidjan yana fataucin goro. Shi ya sa ni a makarantar, ya toshe kunnensa daga surutun mutanen unguwa. Mu Musulmin ajin ba mu da yawa. In an tashi addu'ar safe mukan miƙe tare da kowa, mu yi shiru har a gama.

Tun ajin farko teburi ɗaya nake zama da wata yarinya 'yar ƙabilar Bawule, 'yar unguwar Saint-Michel. Siririya ce, idanunta na da ɗan rawaya, ga ta da tsokana kamar me. Tana da sikila. In ciwon ya tashi sai ta ɓace mako guda ko fiye, ni kuma in riƙa kai mata darasi gida. Uwarta, wadda nake kira Tanti, tana soya aloko, wato soyayyar agada, a ƙofar gida, ba ta taɓa barina na tafi ban ci ba. Ita ma ƙawar tawa ta koyi gaisuwar Hausa don Innata kawai. Takan durƙusa ta ce, "Ina wuni, Inna," da wata irin murya da ke sa duk 'yan rumfar Inna a kasuwa dariya.

Al'adar makarantar ce 'yan ajin ƙarshe su yi anko ranar bikin sallama, bayan fitowar sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare. Da yake Inna atamfa take sayarwa a kasuwar Adjamé, sai aka ce a je rumfarta a zaɓa. Wata Asabar muka ɗunguma, muka cika layin har masu tura amalanke suna yi mana tsawa. Aka yi ta gardama, wannan ta ce shuɗi, waccan ta ce ja. Ƙawata na zaune a kan dilar kaya saboda ƙafafunta na ciwo, ta nuna wata koriya mai ƙananan tsuntsaye can sama.

"Inna, sauko da waccan," ta ce da Julanci, yaren kasuwa a nan. "Tsuntsayen nan mu ne, an kusa buɗe keji."

Aka yi dariya, aka kuma yarda. Ni da ita tela ɗaya muka kai wa, wani a kusa da gidanmu.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ruwa yakan kwana ya wuni, kwatoci su cika, mu iso aji a jiƙe. Sanyi abokin gabar mai sikila ne. Wata rana ruwa ya dake ta a hanyar gida, washegari aka kwantar da ita a wani asibiti a Treichville. Ban damu sosai ba, don mun saba. In an tashi daga makaranta nakan biya da littattafaina, in zauna a bakin gadonta ina karanta mata filozofi, wato darasin falsafa.

"Don Allah rufe wannan abin," ta ce mini ran nan. "Ba ni labarin aji. Wa maser ta kora yau?"

Na ba ta labari, ta yi dariya har ta dafe ƙirji. Da zan tafi ta ɗaga hannunta da allurai suka kumbura, ta ce in gaya wa tela kada ya matse hannun rigar. Tanti ta rako ni har bakin titi.

Ranar Litinin muna tsakiyar lissafi babbar maser ta shigo. Ba ta saba shiga aji ana darasi ba. Ta tsaya a gaban allo, ta cire tabarau, ta dubi wurin da ke gefena. Kafin ta buɗe baki na riga na sani. Wasu suka fashe da kuka, wasu suka durƙusa suna addu'a. Ni dai na zauna riƙe da alƙalami, ina kallon rubutun da ta taɓa karcewa a gefen teburin.

Da na koma gida na samu Baba a tsakar gida yana alwala. Na gaya masa, na kuma ce ina son zuwa coci ranar jana'iza. Ina tsoron abin da zai ce.

"Allah ya ba iyayenta haƙuri," ya ce. "Kin ci abincin gidansu. Ki je, uwarki ta raka ki."

Muka je. Inna ta zauna a bencin baya da mayafinta, ba ta taɓa shiga coci ba sai ran nan. Da aka fito ta riƙe hannun Tanti da hannu biyu tana cewa, "Yako, yako," kamar yadda ake ta'aziyya a nan.

Jarrabawar bak ban san yadda na rubuta ta ba. Na karanta tambayoyi, na amsa, na fito. Ranar sakamako 'yan mata suna ihu suna shafa wa juna hoda a fuska, wata ta rungume ni ta ce na ci. Na ce to. Na shiga gbaka, ƙaramar bas ta haya, na koma gida, Inna ta yi guɗa, maƙwabta suka shigo barka, ni kuwa barci kawai nake so.

Ana saura kwanaki biki tela ya aiko in je. Ya miƙo mini riguna biyu a leda ɗaya. Bai san abin da ya faru ba, har yana nuna mini yadda ya saki hannun ɗayar. Na kai wa Tanti. Ta warware rigar, ta ɗaga ta, ta daɗe tana dubawa.

"'Yata, ranar bikin ki biyo ki ɗauke ni," ta ce. "Zan je."

A farfajiyar makaranta aka yi bikin, ƙarƙashin rumfuna, bayan monper, limamin cocin, ya gama addu'a. Duk inda ka duba kore ne da tsuntsaye. Tanti ta zauna kusa da Inna cikin baƙaƙen kaya, rigar na ninke a cinyarta. Aka riƙa kiran suna, kowa ta fita ta karɓi takardarta ana tafi. Da aka zo kan sunan ƙawata maser ba ta tsallake ba. Ta kira shi a hankali, wuri ya yi tsit. Tanti ta miƙe kamar za ta fita, sai Inna ta tallafe ta ta zaunar. Sunana ne ya biyo baya ba da daɗewa ba. Na fita, na karɓa, ban iya duban inda suke ba.

Da aka saki kiɗa 'yan ajinmu suka shiga rawa, mu uku muka fice. Muka raka Tanti gida a ƙafa. Ta ɗora mai a wuta wai za ta soya mana aloko, sai ta zauna a kujera ta manta da shi, har Inna ta tashi ta sauke kaskon.

Bayan na fara jami'a na ci gaba da leƙa ta, da farko duk mako, daga baya sai an daɗe. Ganina yana faranta mata rai, yana kuma tayar mata da ciwo, ni ma haka. Wata rana na je na tarar da wasu mutane a ɗakinta. Maƙwabciyarta ta ce ta koma ƙauyensu wajen Bouaké, ta bar mini sallahu cewa in yi karatu da kyau, in kuma gaishe da Inna.