Yatsa Uku da Na Rage wa Motar Darakta

Har gobe ba zan manta da ranar da na durƙusar da motar Darakta a bakin kogi ba. Ku da kuke kirana Shef yanzu, kuna rage murya in na shigo, gara ku ji labarin daga bakina.

Shekara ta uku ce bayan samun 'yancin kai. Na zo Yamai daga Maraɗi, aka ɗauke ni mataimakin makanike a garejin ma'aikatarmu, a kan gwajin wata shida. In ka cika ba laifi, a ba ka takardar tabbatarwa. In aka kama ka da laifi, a nuna maka ƙofa. Saura mini kwana tara, amma tuni na rubuta gida cewa an tabbatar da ni.

Ƙa'idar garejin ita ce, kowace mota tana shigowa da takarda da muke kira fish. Makanike ya rubuta abin da ya yi, shugaban gareji ya duba motar ya sa hannu, sannan ta fita. Shugabanmu shi ne Shef Sumana, wani dattijo Bazabarme mara yawan magana, wanda ya fara aiki tun zamanin Anasara.

Motar Darakta kuwa irin ta Faransa ce wadda ba ta da sifirin. Wani jan mai ne ke gudu cikin siraran tiyo yana ɗauke da ita. In aka tada inji sai ta miƙe kamar raƙumi, in an kashe ta koma ta kwanta. Akwai ɗan hannu kusa da ƙafar direba na ɗaga ta in hanya ta ɓaci, a ƙarƙashinta kuma akwai wani ƙarfe da ake daidaita tsayinta na kullum da shi.

A shagon wani tela a unguwar Maourey na ga mujalla mai hotunan motocin tsere, cikinsu kamar zai lashi ƙasa. Abin ya shiga raina. Da aka kawo motar canjin mai, na shige ƙarƙashinta, na kwance ƙarfen nan, na rage mata yatsa uku. Ba wanda ya sa ni. Na fito na tsaya nesa ina kallonta, ina jin duk Yamai ba makanike sai ni. A fish kuwa na rubuta canjin mai kawai, don so nake Darakta ya gani da idonsa ya tambayi wane gwani ne. Shef Sumana na fama da wata kamiyo, babbar motar kaya, a lokacin, ya karɓi takardar ya ce, "Lawali, komi lahiya?" Na ce lafiya lau. Ya sa hannu bai ko waiwaya ba.

Washegari Darakta zai je duba wani aiki a Harobanda, can hayin kogi. Lokacin ba a gina gada ba, da bak ake haye kogi, wato jirgin ruwa mai ɗaukar motoci. Na roƙi direbansa Malam Idi ya tafi da ni, wai don in saurari inji. Gaskiyar magana, yabo na je karɓa.

Malam Idi ya hau bak ɗin nan da wannan mota ya fi a ƙirga, bai taɓa buƙatar ɗaga ta ba. Don haka ya nufi ƙarfen hawan yadda ya saba. Tayoyin gaba suka hau, sai muka ji wani ƙara daga ƙasa, irin wanda kowane makanike ke ji har cikin haƙoransa. Tiyo ya tsinke. Jan mai ya soma tsiyaya cikin kogi, mota ta yi ƙasa a hankali ta zauna, rabi a bak, rabi a tudu. Ba gaba, ba baya, kuma bak ba ya iya tashi.

Mata masu kayan lambu, masu jakuna, wani Bafillace da shanunsa, duk suka taru. Wata tsohuwa ta leƙa ta taga ta ce, "Wayyo, sun yanka ta, ga jini nan!" Malam Idi ya kwanta ya leƙa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai, wa ya taɓa ƙarhen ga?" Ni kuma na duƙufa ina nazarin takalmina. Sai da ƙarti goma sha suka ciccibo ta baya. Darakta ya tattare farar babbar rigarsa ya haye a kwalekwale.

Da yamma aka kira mu ofis, ni da Shef. Na riga na ɗaure kayana a raina. Darakta ya ce, "Wa ya ɓata mota?" Shef Sumana ya ajiye fish a kan tebur ya ce da girmamawa irin ta Faransanci, "Mushe Darakta, hannuna na nan. Mota ta hita ban duba ba."

Da muka fito na soma ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Ka tambayi motar ga ina take zuwa kahin ka taɓa ta? Tahi ka maida yatsunka uku." Na kwana biyu ina gyaran tiyo, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwana tara suka cika, aka ba ni takardata. Na ɗauka Darakta ne ya yafe, har na riƙa ba da labarin ina dariya.

Sai bayan shekara goma sha tara, da aka ba ni kujerar Shef, Shef Sumana kuwa ya riga ya kwanta dama, na buɗe tsofaffin takardun ma'aikata. A cikin nasa na samu takardar gargaɗi guda ɗaya tak, mai kwanan watan ranar nan. Ita ta hana shi ƙarin girman ƙarshe kafin ya yi ritaya. Na rufe ƙofar ofis na yi kuka.

Aikin nan ya koya mini cewa tsayin mota hanyarta ke yanke shi, ba idon makanike ba. Ya kuma koya mini nauyin sa hannu. Shi ya sa kuke ganina da tsufana ina rarrafe ƙarƙashin kowace mota kafin in taɓa fish. Ba raina aikinku nake ba. Na san irin yaron da nake a shekarunku, kuma in ta ɓaci, sunana za a rubuta, ba naku ba.