Tagar Théodore Mai Gilashi

To Mairamu, gyara zama ki rubuta, yau labarin Théodore mai gilashi za mu yi.

Mutumin duwatsun Mokolo ne. Ya sauko Garoua da matarsa Agnès, suka kama ɗaki a jikin gidan Alhaji Ilyasu mai goro, ƙofar ɗakin tana kallon titi. Aikinsa yanka gilashin taga. A misiyon ya koya tun yana saurayi, wajen wani fada na coci da ke haɗa gilasai masu launi da dalma. Shi da Agnès ba su samu haihuwa ba. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, gine-gine suka tsaya cak, ita kuma Agnès ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Ko hotonta ɗaya ba shi da shi. Abin da ta bari kaset ne na waƙoƙin duwatsu, wanda take sawa in tana wanki. A bangon kaset ɗin an zana wata mace ta ba da baya, tulu a ka, tana hawan dutse, rana ja a gabanta. Théodore ya ce tsayuwar wuyan nan ta Agnès ce sak. Zaren kaset ɗin ya daɗe da tsinkewa, takardar kuma zafin Garoua yana ta cinye ta, shuɗin ya fara komawa fari. Sai tsoro ya kama shi kada wata rana ya duba ya tarar ba kowa a kai. Ya ce gilashi dai ba ya koɗewa.

Tun da ba aiki, sai ya shiga tsince-tsince don ya haɗa zanen nan da gilashi. Kore da ruwan ƙasa ya samu a fasassun tagogin gidajen ma'aikata, shuɗi a kwalaben magani masu faɗin ciki. Ja ne ya wahalar da shi, har sai da iska ta fasa tagar wani coci aka bar masa ɓaraguzan. Dalma kuwa daga matattun baturan mota ya narko ta. Yatsunsa duk ɗaure da tsumma saboda yanka. In an tambaye shi me yake yi, sai ya ce gyara ne.

Da ya gama sai ya jingina abin a bango, ya ja da baya. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Irin wannan gilashi sai rana ta bi ta bayansa yake nuna kansa, ɗakin kuwa ba taga. Hagu da dama shaguna ne manne da shi. Bango ɗaya ne rana ke duka, na yamma, shi kuma bayansa cikin gidan Alhaji ne, inda mata ke girki da wanka.

Ya je zaure ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce shi bai taɓa jin inda ɗan haya, namiji, gwauro, ya huda bango ta wajen matan gida ba, kuma ko shi ya yarda, unguwa ba za ta yarda ba. Théodore ya ce ba a ganin komai ta cikin gilashin. Alhaji ya ce mutane ba wannan za su tambaya ba.

Daga nan kullum la'asar sai ya fito da abin ƙofar ɗaki, ya ɗaga shi sama da hannu biyu har kafaɗunsa su gaji. Masu babur suna wucewa suna tsokanarsa, wai Baban Gilashi yana duba ko za a yi ruwa.

Tsohuwa Iyatu, uwar Alhaji, ita ta gan shi haka tana dawowa daga gaisuwar mutuwa. Ta sa ya riƙe mata, ta kafa ido, ta kuma kai hannunta bayan gilashin ta ga ko za ta hango yatsunta. Ba ta hango ba. Ta tambaye shi wace ce wannan, ya faɗa mata.

Ta shiga ta samu ɗanta ta ce, "Ilyasu, a huda can sama dab da rufi, inda ko raƙumi ba zai leƙo ba. Wanda ya yi magana ka turo mini shi."

"To, Dada," in ji Alhaji.

Haka aka yi, ranar aka kwashe matan zuwa gidan maƙwabta har magini ya gama.

Tagar ta yi sama sosai, in ya ɗaga kai ba ya ganin zanen da kyau. Amma bayan la'asar hasken yakan sauko ƙasa, matar zanen ta kwanta a kan tabarma, doguwa, da tulunta. Lokacin nan ko aiki aka kawo masa sai ya ce a dawo gobe. Ya tura ƙofa, ya zauna gefen tabarmar. Hasken ya taso a hankali ya hau ƙafafunsa, ya hau gwiwa, sannan inuwar katanga ta ɗauke shi. Sai ya tashi ya hura gawayi, ya ɗora 'yar tukunyarsa.