Rubutun da Ke Ƙarƙashin Jirgin Tanko

Ranar wata Asabar ce a watan Nuwamba na 1991, wata uku da ba mu Jihar Kebbi, na gangara bakin ruwan Yelwa da gwangwanin farin fenti ɓoye a cikin rigata. Fentin na makaranta ne. An sa ni in goge sunan Sakkwato a allon ƙofa in rubuta na sabuwar jiha, don duk ajinmu babu mai kyan hannuna, ni kuwa na rage kaɗan a gindin gwangwani na yi gaba da shi. Tanko yana jirana kusa da sabon kwalekwalensa, wanda aka kife a kan rairayi, kwaltar da aka shafa masa tana ta ƙyalli a rana. Shekarata goma sha biyar, shi ya ba ni ɗaya.

Baba ɗan Yauri ne, amma a Sakkwato aka haife ni, kuma raba jiha ne ya dawo da mu gida tare da sauran ma'aikata. Na zo ban san kan ruwa ba ko kaɗan. Ran da Inna ta fara aike na sayen kifi, ban iya bambanta karfasa da ragon ruwa ba, matan da ke bandar kifi suka yi ta yi mini dariya har hayaƙi ya sarƙe su. Tanko ne ya karɓi kwanon daga hannuna ya zaɓar mini. Ɗan masunta ne, bai taɓa zama a aji ba, aikinsa jefa birgi don kamun kifi da ɗaukar mutane zuwa gungu, wato tsibiran da ake noman albasa. Shi ya koya mini iyo, yana tallafe da haɓata yana cewa in daina dukan ruwa, ba abin da ya yi mini. Ya koya mini riƙe filafilin tuƙa jirgi, da gyaran komar kamun kifi, da gasa tarwaɗa a kan kara. Kullum na tashi daga makaranta, na ɗebo wa Inna ruwa na ba awaki dusa, sai ƙafata ta kai ni wurinsa.

Ina son sa. Yau na iya faɗa da bakina, amma a lokacin ban san sunan abin ba. Na dai san abokaina suna rububin 'yan mata masu tallan gyaɗa ni ko a jikina, kuma in Tanko ya yi dariya sai in ji ƙirjina ya cika har ya yi zafi. Na yi ta roƙon Allah ya cire mini, safiya na yi kuma in ga na kama hanyar bakin ruwa.

Kowane jirgi a mashayar yana da take a gefensa, shi ma yana son nasa. Na rubuta masa "Haƙuri Maganin Duniya" a gefe, ya yi ta zagaya shi kamar wanda aka ba doki. Fenti ya ɗan rage. Na dubi baƙin ƙasan jirgin nan da ke kallon sama, na ce a raina gobe za a juya shi a sa a ruwa, ba mai sake ganinsa sai kifi. Na tsoma burushi na rubuta: "Nuhu yana son Tanko har abada." Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wanga fa, mi ka sa?" Na ce fatan alheri ne, don kada jirgin ya nutse. Ya ji daɗi, ya rufe wurin da tsohuwar tabarma saboda awaki. Washegari da safe mu biyu muka juya jirgin muka tura shi ruwa, kuma wata biyar ina zama a kan sirrina muna ratsa tafki, ina jin daɗin wayona.

Wayon ɗan birni ne. Duk yaron da aka haifa a bakin ruwa ya san cewa in bazara ta yi, ruwa ya ja baya, ana fito da jirage a kife su, a cusa tsumma a tsaguwa a sake shafa kwalta. Ni kaɗai ban sani ba. Ranar wata kasuwa, mashaya cike da buhunan albasa da fasinjoji, mahaifin Tanko ya sa aka kife jirgin. Gansakuka ta ɗan rufe rubutun, wani ya sa hannu ya share. Wani ɗan ajinmu, Bala, shi ya karanta da ƙarfi, ya sake karantawa da muryar mata yana karya wuya. Kafin in iso wurin, taro ya haɗu, ana ta shewa.

Hannuna ba ya ɓoyuwa, ga irinsa nan a allon makaranta kowa na gani. Mahaifin Tanko ya damƙi wuyan rigata ya tambaye ni. Na dubi mutane, na tuna Baba da ofishinsa da sahun da yake tsayawa a masallaci, sai na ji bakina yana cewa, "Shi ya ce in rubuta. Ya ce in ban rubuta ba zai kifar da ni a tsakiyar ruwa." Ƙaryar ba ta da ko kai, ga sunana a gaba, amma ni ɗan makaranta ne mai farar riga, shi kuwa mai ƙarnin kifi, sai aka ga ta fi sauƙin haɗiya. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, a kan Tanko ya sauka.

Uban ya dake shi da filafili a gaban kowa, har filafilin ya tsage. Yara suna rera masa ɗan daudu, mata suna tofar da yawu, wani dattijo yana cewa a ƙara masa. Tanko bai ƙaryata ni ba. Aka ba shi wuƙa aka ce ya kankare rubutun. Ya durƙusa, jini na zuba daga girarsa, ya ɗago ya dube ni ya ce a hankali, "Nuhu, wanne ne sunana a ciki?" Bala ya fashe da dariya, mutane suka bi. Ni ma na yi dariyar. Har yau in na tuna, ita ce ta fi yi mini ciwo, fiye da ƙaryar.

A gida Baba ya yi mini bulala uku kacal, ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, kada ya sake ganina a bakin ruwa. Inna ta jiƙa mini rubutu na sha kwana bakwai. Tanko kuwa mata suka daina shiga jirginsa, maza suka hana 'ya'yansu zama kusa da shi, ko a masallaci sai a bar masa fili. Kafin damina ta faɗi aka tura shi Wara wurin kawunsa. Ni na ci gaba da zama yaron kirki, har kyautar iya rubutu aka ba ni a ƙarshen shekara.

Na daɗe ina tsanar kaina, kuma na daɗe kafin in gane abin da ya kamata in tsana. Son da na yi masa bai cuci kowa ba, haka na tashi na sami zuciyata, kuma na daina neman gafara a kansa. Abin da na yi a mashaya shi ne laifina.

Bayan shekara ashirin da wani abu aiki ya kai ni Wara, na same shi yana tuƙa babban jirgi mai inji, furfura ta fara fito masa. Duk jiragen da ke jere suna da take da fenti kala-kala, nasa kaɗai ne baƙi wuluk, babu ko harafi. Ya gane ni nan take. Bai karɓi kuɗina ba, da muka kai tsakiyar ruwa kuma ya kashe inji ya juyo gare ni.

"Abin da ka rubuta, gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Da ka hwaɗa mani da baki," ya ce. "Ni ban iya karatu ba, amma ina da kunne."

Ya ja igiyar inji muka ci gaba. Yanzu mashayar Yelwa ta cika da ƙarar injuna, samari suna aika saƙo ta waya su goge in sun ga dama, allon da na rubuta ma an daɗe da sauya shi. Ni kuwa har gobe ina da kyan hannu, ga abin da na yi da shi.