Lamba Ɗaya, Jarirai Biyu

Mai ba da kati a asibitin yara ta kasa ɗauke ido daga matar da aka turo gyaran manhajar rajista. Siririya ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ƙafar tabaranta ɗaure da zare, sai ka rantse malamar firamare ce.

Tun safe shafin ke ƙin karɓar wani jariri, wai lambarsa tana da mai ita. Ga uwar zaune, an kasa yi wa ɗanta allura.

Mai gyaran tana bin rubutun allon da yatsa, leɓɓanta na motsi. Can ta ɗago.

"Baiwar Allah, tagwaye kika haifa?"

"Ɗan'uwansa ya rasu makon jiya," in ji uwar.

Ashe da ranar haihuwa da lambar wayar uwa manhajar ke haɗa lambar kowane yaro.

"To mu goge na farkon?" in ji mai kati.

"A'a," in ji mai gyaran. "Kowa da tasa lambar."

Ta buga layi uku a manhajar, kati ya fito. Mai kati ta dubi matar nan da ta ƙi a goge sunan mamacin, ta ce a ranta, wannan ta taɓa binne ɗa.